Kaza mai ɗingishi: a duba ƙafa kafin a ɗauko wuƙa

 Maganarmu ta wannan mako ƙarama ce a ido, har wani ya ce mene ne na ɓata takarda a kanta, ga tsadar hatsi, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Amma duk wanda ya san yadda gida yake tafiya ya san matsayin kaza. Ita ce asusun uwargida, ita ce jarin farko na yaro, ita ake kamawa in baƙo ya sauka ba shiri, ita kuma ake sayarwa a sayi maganin zazzaɓi ko littafin lakkol in wata ya yi nisa. To, wannan asusu da ƙafa biyu yake tafiya, kuma ran da ɗaya ta ƙi taka ƙasa sai ka ga yadda muke gaggawar yanke hukunci.

Hukuncin da aka saba iri uku ne, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai. Wani maigidan ya ce a yanka ta tun ba ta zama mushe ba. Wani ya ce a ba yaro ya kai ta kasuwa tun tana da sauran kyan gani. Na uku, wanda yake ganin shi ne ya waye, ya tsai da mai tallan magani a ƙofar gida, ya sayi kafso ja da rawaya, a fasa a cikin ruwa a ɗura mata. Dukansu uku sun haɗu a abu ɗaya, ba wanda ya ɗauki kazar ya dubi ƙafar. Alhali ɗingishi alama ce kawai, kuma abubuwan da ke kawo shi sun fi goma. Wani zare ne da za a yanke cikin minti biyu, wani ƙarancin abinci ne, wani kuwa sallamar annoba ce wadda za ta share kajin unguwa baki ɗaya. Wanda bai duba ba, ko dai ya yanka kazar da za ta warke, ko ya kai wa jama'a cuta kasuwa da hannunsa.

Kafin mu shiga bayani, bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Kazar gida takan yi ƙwai sau 3 ko 4 a shekara, kowane zubi ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci na kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ita ce kuma ake sa wa ƙwan zabi da damana, ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28, tun da zabuwa ba ta cika haƙurin kwanci a gida ba. Kazar da ta iya kwanci, ta iya reno, ta san shirwa da muzuru, ba a gane ta a kasuwa, sai an zauna da ita. In an yanka ta an ci miya ta dare ɗaya, amma an rasa tsakin shekara guda. Gaskiya ne sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, sai dai mai hankali yakan zaɓi wadda zai yanka da ranar da zai yanka ta.

Tambayoyi uku na farko

Tun kafin a taɓa kazar, a tsaya nesa kaɗan a yi wa kai tambayoyi uku. Ta farko: ita kaɗai ce, ko akwai wasu a gidan ko a maƙwabta da suka yi sanyi ko suka mutu a ƴan kwanakin nan? Ta biyu: ƙafa ɗaya take ɗagewa tana tsalle da ɗayar, ko duka biyun ne suka saki? Ta uku: tana ci tana sha, idonta garau, zankonta ja, ko ta takure ta saki fukafukai tana gyangyaɗi?

In ita kaɗai ce, ƙafa ɗaya ce, kuma tana cin abincinta, galibi rauni ne, kuma jinyarsa ba ta fi ƙarfin gida ba. In kuwa kaji biyu ko uku ne, ko ƙafafu biyu sun shanye, ko ga zawo da numfashi da kyar, to maganar ta wuce ta ƙafa. Ko wanne ne dai, aikin farko ɗaya ne: a ware ta. A kifa mata kwando ko a sa ta a kwali mai huji, a inuwa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko yashi mai tsabta, a ajiye ruwa da abinci inda bakinta zai kai ba sai ta tashi ba. Dalilin warewa biyu ne. Kaji ba su da tausayin ɗan uwa, da sun ga rauni ko jini sai su yi ta sara, zakara kuma ba ya tambayar lafiya kafin ya hau. Sa'an nan in cuta ce mai yaɗuwa, an rage mata hanya.

Yadda ake dubawa

A kama ta a hankali, an fi samun sauƙi da asuba ko da magariba. A lulluɓe jikinta da tsohon zane har ya rufe fukafukai, a kwantar da ita bisa cinya, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya duba. Kada a rataye ta kai ƙasa, domin hakan yana wahalar da numfashinta, yana kuma ƙara wa ƙafar ciwo. A wanke ƙafafun biyu da ruwan ɗumi da sabulu, don ƙasa da kashi sukan ɓoye abin da ake nema. A fara daga farce, a bi yatsu ɗaya bayan ɗaya, a juya tafin ƙafa, a hau ƙwauri, a lanƙwasa gaɓa a hankali, a shafa cinya. Kowane wuri a gwada shi da na ƙafar mai lafiya: ina ya fi kumburi, ina ya fi zafi a hannu, ina ta zabura da aka taɓa. A ƙarshe a ɗaga fukafukai a duba hammata, a duba ido da baki. Duk wannan bai wuce aikin minti goma sha biyar ba.

Raunin da ake jinya a gida

Abin da ya fi yawa a gidajen birni shi ne zare. Zaren tela, zaren buhun roba, da gashin roba da ake zubarwa bayan an kwance kitso, duk sukan nannaɗe yatsun kaza tana tono a juji. Kullum yana ƙara shiga nama har fata ta rufe shi, jini ya daina gudu, yatsa ya kumbura, ya yi baƙi, ya faɗi. Wani lokaci ma zaren kan haɗa ƙafafun biyu kamar dabaibayi. A sa allura mai tsabta a ɗago shi, a yanke da ƙaramin almakashi ko sabuwar reza, a warware shi duka, domin ko sili ɗaya ya rage aikin bai yi ba. A wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa Bétadine, ruwan maganin nan mai launin goro da ake samu a farmasi. Irin wannan raunin ne kuma igiya ke yi wa sabuwar kaza da aka ɗaure a ƙafa don ta saba da gida. Kwando ya fi igiya. In kuwa dole sai an ɗaure, a yi da tsumma mai faɗi, a bar sarari, a riƙa sauya ƙafa.

Na biyu shi ne ƙurjin tafin ƙafa. Ƙaya, tsidau, ƙusa, fasasshiyar kwalba, ko yawan dira daga wuri mai tsawo bisa siminti, sukan fasa fatar tafi, ƙwayar cuta ta shiga. Za a ga tafin ya kumbura, da baƙin ɓawo a tsakiya kamar kan ƙusa. Abin da ya kamata a sani shi ne mugunyar tsuntsu ba ruwa ba ce kamar ta mutum, takan daskare ta yi tauri kamar cuku, don haka matsawa da ƙarfi ba ta fitar da ita, azaba ce kawai. A jiƙa ƙafar cikin ruwan gishiri mai ɗumi minti 10 zuwa 15 kowace rana har ɓawon ya yi laushi. In ya saki don kansa a cire shi tare da dunƙulen da ke ƙarƙashinsa, a wanke ramin, a sa Bétadine, a ɗora auduga a naɗe da bandeji ta tsakanin yatsu, a sauya kullum ko bayan kwana biyu. Wajibi ne a wanke hannu da sabulu kafin aikin da bayansa, domin ƙwayar da ke cikin ƙurjin tana iya shiga ciwon da ke hannun mutum. In kumburin ya hau sama ya kama gaɓa, a kai wa likitan dabbobi.

Na uku karaya da targaɗe. Jifan yara, takun jaki ko ɗan rago, ƙofa, moto, duk suna yi. In targaɗe ne, za a ga tana ɗan taka ƙafar, ƙashi kuma yana miƙe. Maganinsa hutu ne na mako ɗaya ko biyu a cikin kwando, ba hawa, ba tsalle. In karaya ce a ƙwauri, ƙafar za ta yi lilo, a ji ƙashi yana motsi inda babu gaɓa. Nan sai a yi abin da maɗora suka gada: a miƙe ƙafar a hankali yatsu su dubi gaba, a naɗa auduga, a sa sillen kara biyu masu santsi hagu da dama daidai tsawon ƙwaurin, a naɗe da tsumma. Kada a matse. Safe da yamma a taɓa yatsun, in sun yi sanyi, ko sun kumbura, ko sun sauya launi, ɗaurin ya yi tsanani, a sassauta nan take. Ƙashin tsuntsu yana saurin haɗewa fiye da namu, babbar kaza takan warke cikin mako uku zuwa huɗu, ɗan tsako bai kai haka ba. Karayar cinya ta fi wuya, saboda nama ya lulluɓe ƙashin, kara ba ya kama shi, abin da ya rage shi ne hutu a wuri matsattse da haƙuri.

Abokan gaba na cikin akurki

Akwai kazar da za ka ga ɓawon ƙwaurinta ya tashi, ya yi fari, ya yi kauri kamar ɓawon tsohon itace, tana tafiya tana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Mutane kan ce tsufa ne. Wani ƙwaro ne ƙarami wanda ido ba ya gani, yana shiga ƙarƙashin ɓawon yana haƙa, kuma yana bi daga kaza zuwa kaza a wurin kwana. A jiƙa ƙafar a ruwan sabulu mai ɗumi, a goge da tsohon buroshi mai laushi ba tare da ɓamɓare ɓawon ba, a tsane, a shafe ta da bazilin ko man kaɗe tun daga yatsu har gaɓa. Man yana toshe wa ƙwaron numfashi. A maimaita bayan kowane kwana biyu ko uku har makonni da dama, a yi wa sauran kajin ma. Baƙin man mota da kananzir da wasu ke shafawa suna ƙona fata, kuma guba ne ga kazar da mai cin ƙwanta.

Sai kaskar kaji, wadda ta fi son ƙasa mai zafi da ginin laka irin namu. Da rana tana ɓoye a tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon itace, da dare ta fito ta sha jini ta koma, shi ya sa mai kaji zai rantse ba kaska a gidansa. Ƴaƴanta kuwa sukan manne a hammatar kaza kwanaki, ƙanana baƙaƙe kamar ƙwayar riɗi. In sun yi yawa sukan tsotse jini, su sa zazzaɓi, har su shanye ƙafafu. A shiga akurki da tocila bayan isha'i a duba tsagogi. In an gan su, a fitar da kajin, a ƙone shimfiɗa, a bi tsagogin da wuta cikin kula, a yaɓe su da sabuwar laka, a shafa farar ƙasa. Barin akurki ba kowa na ƴan watanni ba ya kashe ta, domin tana jure yunwa fiye da shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kaska.

Ɗingishin da ke fitowa daga kwano

Ma'aikata da yawa sun gina keji a bayan gida, sun sayi kajin Turawa masu ƙwai, suna ba su dussa da tsakin hatsi kamar kajin gida. Bayan ƴan watanni sai ƙwai ya fara fitowa da ɓawo mai laushi, kaza ta durƙushe ta kasa tashi, alhali tana ci idonta garau. Dalili shi ne ɓawon babban ƙwai guda yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kusan giram 2, hatsi da dawa kuwa kaɗan ƙwarai suke da shi. In kaza ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta take cirowa, har ya yi rauni ya karye ba wanda ya taɓa ta. Kazar da ke yawo tana tsintar ƙwari da ɗanyen ganye da tsakuwa, ta kulle kuwa abin da aka zuba mata shi ke nan. A gasa ɓawon ƙwai a daka, a ƙona ƙashi a niƙa, a haɗa da garin busasshen kifi, a ajiye a kwano dabam su ci gwargwadon bukata. A bar su su sha hantsi, domin jiki ba ya amfani da kalsiyam sai da bitamin D, wanda hasken rana ke taimakawa a samu.

A wajen ƴan tsaki kuma, in aka ga yatsunsu sun dunƙule ciki suna tafiya bisa gwiwa, galibi ƙarancin bitamin B2 ne. Ɗanyen ganye irin su zogale, ɗan nono, da garin bitamin na kaji da ake samu wurin masu maganin dabbobi suna gyara shi in an yi da wuri. In an makara yatsun sun ƙage haka nan.

Inda maganar ta wuce ƙafa

Yanzu mun zo wurin da ya fi muhimmanci. Akwai cututtukan da shanyewar ƙafa ɗaya ce daga alamominsu, kuma ba ɗori ko shafi da zai yi musu komai.

Ta farko ita ce annobar nan da kowa ya sani, mai share kaji da sanyin hunturu, wadda likitoci ke kira cutar Niyukasil, da sunan wani birnin Ingila inda ta ɓulla a 1926. Kaza ta yi zawo kore, tana buɗe baki tana neman iska, wuya ya murɗe, ƙafafu da fukafukai su saki, yau biyu sun mutu, gobe biyar. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi mai araha, akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido, ana sabunta shi bayan ƴan watanni bisa ga irinsa. Lokacin yinsa shi ne bayan kaka, tun sanyi bai sauka ba, a kan kaji masu lafiya. Wanda ya jira sai sun fara faɗuwa ya zo fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu cutar Marek, da sunan wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari wanda ya bayyana ta a 1907. Ta fi kama sagaru masu wata biyu zuwa biyar. Alamarta sananniya ce: kaza ta kwanta ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗaya baya, tana ramewa a hankali. Tana yaɗuwa ta ƙurar gashin kaji, ba ta kama mutum, ba ta kuma warkewa. Rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi, saboda haka mai sayen ƴan tsakin kwana ɗaya ya tambayi mai sayarwa ko an yi musu.

Ta uku gubar mushe. In kaji suka ci tsutsar da ke jikin mataccen kusu ko tsuntsu, ko ruɓaɓɓen abinci, sai ƙafafu su fara saki, sa'an nan fukafukai, sa'an nan wuya ya langaɓe har ƙasa. Wanda ya ga haka ya nemi mushen da ke kusa ya binne shi da zurfi, ya sa marasa lafiyar a inuwa yana ba su ruwa mai tsabta. Wadda ba ta ci da yawa ba takan tashi.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari, murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a Najeriya, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magariya, cikin jihar Damagaram, ta kuma sake ɓulla a Maraɗi a 2015. Daga alamominta akwai kumburin kai, zanko ya yi shuɗi, ƙwauri ya yi ja-ja kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata, da mutuwar farat ɗaya ta kaji da yawa. Wannan tana kama mutum, a 2007 ta kashe wata mata a Legas. In an ga irin wannan, ba yanka, ba fiɗa, ba ci, ba sayarwa, kada yara su taɓa. A sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa, su ne ke da hanyar aika samfuri babban ɗakin binciken lafiyar dabbobi na Yamai, wato LABOCEL. Ido kaɗai ba ya raba ta da cutar Niyukasil, sai an auna.

Maganar kafso

Kafson da ake saye a faranti bisa titi an yi shi ne don mutum, ya sha rana ya sha ƙura, ba wanda ya san ƙarfin da ya rage masa. Ba ya ɗora karaya, ba ya kwance zare, ba ya kashe kaska, kuma ba ya taɓa ƙwayoyin da ke kawo Niyukasil da Marek da murar tsuntsaye. Abin da yake yi shi ne ya zauna a ƙwai da nama, iyali su ci, ƙwayoyin cuta su saba da shi, ran da yaro ya bukace shi da gaske ya ƙi aiki. Maganin ciwon jiki na mutane ma ba abin gwadawa a kan tsuntsu ba ne. Wanda ake kira diklofenak yana lalata ƙodar tsuntsaye. A ƙasar Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. In ciwo ya kai ga bukatar magani, likitan dabbobi ko mataimakinsa ne zai faɗi irinsa da awonsa, da kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama. Waɗannan kwanaki a rubuce suke jikin takardar maganin, a kiyaye su.

Ga ƴan uwa masu fataucin kaji

Kaji da yawa da lafiyarsu suke barin kasuwar ƙauye, a hanya suke gurguncewa. A ɗaure ƙafafu biyar ko goma da igiyar roba wuri ɗaya, a rataya a moto kai ƙasa, a yi tafiyar awa biyu cikin rana, a iso gari gaɓa ta goce, fata ta saluɓe. Mai saye ya gani ya karya kuɗi, wadda ta galabaita kuma ta mutu kafin ciniki. Kejin kara ko kwando mai shimfiɗa, da ɗan ruwa a hanya, kuɗinsu bai kai hasarar kaza biyu ba. Addini ma ya hore mu da tausasa wa abin da za mu yanka, balle wanda za mu kiwata.

Sai kuma amana. Wanda ya ga kajinsa sun fara faɗuwa ya kwashe sauran ya kai kasuwa, ya tsirar da jikka biyu ko uku, amma ya sayar wa wata baiwar Allah ajalin kajinta duka, wataƙila ma na unguwarsu. Dillalin da ya karɓa yana sane, shi ma yana da kasonsa na alhaki. Mai saye kuma ya kare kansa: ya sauke kazar ƙasa ya ga tsayuwarta, ya juya tafin ƙafarta, in ya kai gida ya ware ta mako biyu kafin ta gauraya da na gida. Haka za a yi da kazar da aka ba da kyauta, ko daga wurin surukai ta fito.

Ranar da wuƙa ta dace

Ba mu ce kowace kaza sai an yi jinyarta ba. In ƙashi ya fasa fata ya fito, in cinya ta ragargaje, in an yi mako biyu ana jinyar rauni tana ƙara ramewa ta daina ci, barinta cikin azaba ba tausayi ba ne. In rauni ne tsantsa, ba zazzaɓi, ba ruɓa, ba a kuma ba ta magani ba, a yanka a ci halal. In cuta ce ta kayar da ita, ko ba a san abin da ya kayar da ita ba, a kashe a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Kada a jefa a juji ko a kwata, domin daga nan cutar ke komawa gidan maƙwabci.

Sauran aikin na kullum ne, kuma ba ya cin ko dala. A share tsakar gida daga zare da gashin kitso da ƙusa, a saukar da sandar kwanan kaji kusa da ƙasa, kamar kamu ɗaya, a sa mai kauri marar kaifi, a bar akurki a bushe, a hana yara jifa. Maigida da ke fita biro ko kanti tun da safe ya koya wa uwargida da manyan yara tambayoyin nan uku da yadda ake juya tafin ƙafa, tun da su ne ke wuni da kajin. Ya kuma nemi sanin inda ma'aikatar kiwo take a garinsu tun bukata ba ta taso ba, ya tambayi lokacin rigakafi, ya haɗa kai da maƙwabta a yi rana ɗaya, domin kwalbar maganin ta kaji da yawa ce, kajin unguwa kuma juji ɗaya suke tono.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya tsare mu da hasara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.